Laushin Hannun Emil

Prokop, Nebraska
Oktoba, 1986

Zuwa ga ɗana Elwood,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Joyce da 'yan matanku biyu waɗanda ban gani ba tun suna rarrafe. Idan ka duba sunan da ke bayan ambulan ka rasa ko wace ce, to ni ce Vlasta Kovanda, 'yar baffan mahaifinka Anton, wadda ta zauna bayanka a coci ranar jana'izarsa ta ce ka gyara wuyan rigarka. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ce kawai take riga rediyo ba ni labarin ruwa. Shanu sun yi ƙiba bana, ciyawa ma mun tara isasshiya.

An ce mini aikinka yanzu shi ne yawo daga kwaleji zuwa kwaleji kana kallon samari suna ture juna a ƙwallon nan tamu ta Amurka da ake cafewa da hannu, kana rubuta wa wata babbar ƙungiya wanda ya isa a ɗauka da wanda bai isa ba. Da farko na ɗauka zolayata ake yi, wai a biya namiji albashi don kallon ƙwallo. Amma da na tuna ni ma haka nake yi da bijimai a kasuwa, sai na ce to, sana'a ce.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jikana Emil, ɗan marigayi Ludvik, wanda na rene shi tun yana ɗan shekara shida, yana shekararsa ta ƙarshe a kwalejin jiha. Wurin da yake bugawa shi ne wanda kuke kira tait-en, can ƙarshen layi, inda wani lokaci a ce masa ya zama bango ya tare ƙatti, wani lokaci a ce ya ruga ya cafe ƙwallo. Mutanen gari sun cika masa kunne cewa zai kai wasan manya. Mai aski ya faɗa, mai sayar da abincin dabbobi ya faɗa, har Fada ya faɗa a ƙofar coci, alhali ba wanda ya taɓa fita daga gundumar nan a cikinsu in ban da Fada.

Ni kuwa na haura saba'in, Elwood. Haihuwar shanu tana zuwa da bazara, kuma ba ni da kowa sai ɗan aikina tsoho Gus, wanda ya fi ni bukatar a taimake shi. Idan yaron nan ba zai kai ba, ina so ya daina ɓata ƙarfinsa ya dawo ya karɓi gonar kakansa tun ina iya nuna masa. Idan kuwa zai kai, ba zan tsaya masa a hanya ba, ko da zuciyata ba ta so. Abin da na ce shi zai yi, shi ya sa nake tsoron buɗe baki ban sani ba.

Ka je ka gan shi da idon sana'arka, ka ajiye idon dangi a gida. Abin da ka gani ka faɗa mini kai tsaye, kada ka shafa masa zuma. Na binne miji da ɗa, magana ba za ta kashe ni ba.

Gwaggonka,
Vlasta

*

Salina, Kansas
Nuwamba, 1986

Gwaggo Vlasta,

Na gaishe ki da kyau, ya jiki, ya gwiwa? Yaya za a yi in manta da ke, bayan har yau ba wanda ya gasa mini burodin kolaci mai daɗin naki? Joyce da yara suna lafiya, wasiƙarki ma ita ta karanta mini a waya saboda rabona da gida an kwana biyu. Ni ma lafiya, sai ciwon baya na zaman mota da abincin gefen hanya.

Na ga Emil. Kafin in je sai da na gaya wa maigidana cewa yaron jinina ne, domin a aikinmu ba a ɓoye irin wannan. Ya ce in je in rubuta, amma zai turo wani daga baya ya duba bayana. Haka ake yi, ban ji haushi ba.

Ranar iska ake yi mai tsaga kunne. Mu uku ne masu duba 'yan wasa a saman benci, kowa ya rungume kofin shayinsa. Ga abin da na gani, yadda kika ce, ba zuma. Tsawo da faɗin kafaɗa Allah ya ba shi, ba abin da za a ƙara. Wajen tare mutum kuwa, idan ya dafe ƙato ya fara tura shi, sai alƙalin wasa ya busa ya sake shi. Wani da ke kusa da ni, ɗan Texas mai surutu da ke kirana Woody, ya ce, "Kai Woody, wannan yaron a gida me yake turawa, motar noma?" Na ce masa shanun gwaggona.

To amma ba shi da gudu sosai. A kwaleji irin tasu ya isa, a wajen manya akwai waɗanda suka fi shi nauyi kuma suka fi shi sauri. Idan ya zo juyawa ya karɓi ƙwallo, yakan faɗaɗa kwana kamar mai jan tirela, mai gadinsa ya riga shi sanin inda za shi. Kuma bai taɓa karawa da manyan makarantu ba, wannan ma za a riƙe masa shi.

Sai maganar hannu. Gwaggo, na daɗe a wannan aiki, ban taɓa ganin laushin hannu irin na yaron nan ba. Ba ni kaɗai na lura ba, mu ukun duka muka kalli juna. Ɗan Texas ɗin har fito ya yi ya ce, "Wannan hannu ne ko matashin kai?" Na rubuta shi a saman rahotona na ja masa layi biyu, domin duk wanda zai yanke hukunci a kansa da wannan zai fara. Kin san abin da hakan ke nufi.

Bayan wasa na gabatar da kaina. Ya cire hular kwano ya ce, "Kai ne Kawu Elwood? Kaka ta ce kana da ƙaton kai, na ga ba ta ƙara gishiri ba." Na ga tarbiyyarki.

Shawarata ita ce ki bar shi ya zauna a makaranta har watan Maris. A lokacin za mu zo makarantarsu da agogo da awo mu gwada shi, mu da wasu ƙungiyoyi. Kafin nan ba zan ce miki e ko a'a ba. Zan tsaya nan, gobe da sassafe ina da hanyar Oklahoma.

Ɗanki,
Elwood

*

Tulsa, Oklahoma
Disamba, 1986

Gwaggo,

Barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Da fatan sanyi bai taɓa gwiwar sosai ba. Mu duka lafiya, ƙaramar tamu ce ta yi mura ta warke.

Shiru na ji, ba amsa. Na tambayi Joyce ko wani abu ya zo daga Prokop, ta ce babu. Ko wasiƙata ba ta iso ba ne, ko kuwa maganar rashin gudu ce ta ɓata miki rai? Ke kika ce in faɗi gaskiya. Na buga waya sau biyu ba a ɗauka ba, na san kina wajen shanu.

Mutumin da maigidana ya turo ya kalli faifan wasannin Emil, shi ma maganar hannun ya fara yi. Idan yaron ya zo hutu, ki ce masa ya kula da hannun nan, domin a kansa komai ya rataya.

Ki rubuto ko layi biyu ne, hankalina ya kwanta.

Elwood

*

Prokop
Janairu, 1987

Elwood,

Gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka san ta. Wasiƙunka biyu sun iso. Ban amsa ba ne saboda da na amsa a lokacin, da takardar ta kama wuta kafin ta isa gidan waya.

Rashin gudu bai dame ni ba, kakansa ma bai taɓa sauri ba sai wajen cin abinci. Amma a ce jinin Kovanda yana da laushin hannu, har baƙo daga Texas ya yi masa fito ya kira shi matashin kai a gaban jama'a! Kai kuma ɗan Anton ka zauna ka rubuta ka ja layi biyu. A garin nan ka san wa ake ce wa mai laushin hannu. Ɗan bankin nan ne da ya auri 'yar Pospisil, wanda ba ya iya buɗe ƙofar shinge sai matarsa ta sauko daga mota. Sau uku na karanta wajen, na ji kunya har cikin ƙashina. Amma na yi wa kaina adalci na ce gaskiya ka faɗa. Shekarun nan na makaranta ba abin da yake riƙewa sai biro da ƙwallo, ni kuma idan ya zo hutu sai in ce ya huta. Laifina ne, ni kuma na gyara.

Ban gaya masa abin da ka rubuta ba, don kada in karya masa zuciya. Da ya iso hutu na kwashe duk safar hannu da ke gidan na kulle a akwati. Washegari na nuna masa shingen arewa, inda dusar ƙanƙara ta kwantar da wayar ƙaya, na ce a ɗaga shi duka kafin sabuwar shekara.

Ya ce, "Kaka, ina safar hannu?"

Na ce, "Na ba coci sadaka."

Ya ce, "Duka? Har da ta Gus mai huji?"

Na ce, "Talakawa ba sa zaɓe. Kakanka da hannunsa tsirara ya kafa shingen nan, ko ka fi shi ne?"

Ya kalle ni ya yi dariya ya ce, "Tsohuwar nan, wani abu kike ƙullawa." Amma ya ɗauki a-kori-kura ya tafi, ba musu. Kullum ya dawo hannu ya faffashe, in ba shi ruwan gishiri ya tsoma, yana cije leɓe yana tsokanata. Da ya gama shinge na sa shi faskaren itace.

Ana gobe zai koma wayar shinge ta tsinke ta zabge shi a tafin hannun dama har zuwa gindin ɗan yatsan tsakiya. Jini ya zuba ba laifi. Likita ya ɗinke, ya ce a bar shi ya huta, ka san su da tsoro. Ban ji daɗin ganin jinin ba, amma ba namijin da ya yi aikin waya bai samu tabo ba.

Yanzu ka zo ka gaisa da shi, kai da ɗan Texas ɗinka. Hannun ya yi kanta kamar bayan itace. Ka goge layukan nan biyu ka rubuta abin da yake gaskiya yanzu.

Vlasta Kovanda

*

Mobile, Alabama
Janairu, 1987

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri ba zan tsawaita gaisuwar ba. Joyce ta karanta mini wasiƙarki ina tsaye a rumfar waya, sai da na zauna a ƙasa. Na buga miki ya fi a ƙirga, an ce guguwa ta kayar da layinku.

Gwaggo, laushin hannu yabo ne! A bakinmu ba yabon da ya fi shi ga mai cafe ƙwallo. Mai taurin hannu shi ne wanda ƙwallo ke dukan tafinsa ta yi tsalle ta faɗi. Mai laushin hannu kuwa, ko da wane ƙarfi aka jefo ta, sai yatsunsa su karɓe ta su bi ta kaɗan, ta kwanta shiru ba ka jin ko ƙara. Ba a koyar da wannan, Allah ne ke bayarwa. Ranar da na gan shi, cikin iskar nan, an jefo masa wata can ƙasa da gwiwa ta baya, ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauke ta kamar ya tsinci ƙwai. Wannan ne ya sa ɗan Texas ya yi fito. Masu gudu sun cika ƙasar nan, hannu irin nasa ne babu, kuma shi kaɗai zai sa wata ƙungiya ta yafe masa sauran.

Na ce kin san abin da hakan ke nufi, ashe ban tsaya na tuna wa nake rubuta wa ba. Na daɗe cikin masu wannan yaren har na manta yadda ake jin kalmar a Prokop. Da na rubuta wa mahaifina haka, shi ma abin da zai yi ke nan, wataƙila ma ya ƙara da duka.

Kantar ba ta dame ni ba, za ta tafi. Yankan ne ya tayar mini da hankali. Ya taɓa jijiya? Ɗan yatsan yana lanƙwasawa har ƙarshe? Yana jin taɓi a bakin yatsan? Gwajin yana nan a Maris, ba za a ɗaga saboda kowa ba, kuma yaro daga ƙaramar makaranta sau ɗaya ake kallonsa. Dole in gaya wa maigidana akwai rauni, ba zan ɓoye ba.

Don Allah ki fito da safar hannun nan daga akwati. Kada ki bari ya sake taɓa waya ko gatari.

Elwood

*

Prokop
Fabrairu, 1987

Ɗana Elwood,

Na gaishe ka, na gaida Joyce da yara. Lafiyar jiki akwai. Ta zuciya ce ta yi ƙaranci kwanakin nan.

Na karanta wasiƙarka a tsaye bakin akwatin wasiƙu, sanyi yana dukana ban ji ba. Ban taɓa jin wauta ta lulluɓe ni irin ta ranar ba. Ni da na ce ba zan tsaya masa a hanya ba, ni ce na je na shimfiɗa masa wayar ƙaya a kai. Na yi kuka, Elwood, ban ɓoye maka ba. Gus ya gan ni ya ɗauka saniya ce ta mutu.

Washegari na bar masa shanu na kama hanyar kwalejin da kaina, abin da ban yi ba tun ranar da na kai yaron. Na tafi da gwangwanin man nan da muke shafa wa hantsar shanu idan sanyi ya tsattsage ta, domin ban san abin da ya fi shi tausasa fata ba. Na same shi yana fitowa daga ɗakin motsa jiki da abokansa, duk ƙatti, na ce su ba mu wuri. Na miƙa masa wasiƙunka duka na ce ya karanta, na gaya masa abin da na yi da dalilin da ya sa.

Ya karanta har ƙarshe. Na shirya ya yi fushi, na ma fi son ya yi. Sai ya jingina da mota ya fashe da dariya har da hawaye.

Ya ce, "Kaka, wato saboda an yabe ni kika kusa cire mini yatsa? To da zagina aka yi fa?"

Na ce, "Rufe mini baki, ɗan nema. Miƙo hannun."

Da na riƙe hannun dariyar ta tsaya, tawa da tasa. An cire ɗinkin, wajen ya haɗe, amma ɗan yatsan ba ya rufuwa duka, yakan tsaya a rabi. Mai kula da raunukansu ya ce jijiyar ba ta tsinke ba, ta dai ƙage, kuma yana sa shi matsa ƙwallon roba cikin ruwan ɗumi safe da yamma. Na tambaye shi ko zai saki kafin Maris. Ya ce yana sa rai. Na ce ban tambaye shi ransa ba, sai Emil ya ja ni waje.

A wajen ya ce mini, "Kaka, in bai saki ba ai shi ke nan, kin samu mai haihuwar shanu." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta soke ni, domin akwai wani lungu a zuciyata da ya yi murna da jin haka, kuma na tsani wannan lungun. Na ce masa idan ya dawo mini ta wannan hanya ba zan buɗe masa ƙofa ba.

Na shafa masa man da hannuna a gaban abokansa, suna ta ihu wai yana warin garke. Yanzu an ce rabinsu suna roƙonsa su shafa. Ka gaya mini gaskiya kamar kullum, amma wannan karon ka rubuta yadda tsohuwa za ta gane.

Gwaggonka,
Vlasta

*

Omaha
Maris, 1987

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri, ya fama da haihuwar shanu? Emil ya ce an fara. Ina gida yau, Joyce tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da gwangwani ɗaya na man nan.

An yi gwajin jiya, zan faɗa miki dalla-dalla. Ƙungiyoyi biyar suka zo, wanda ga makaranta irin tasu ba kaɗan ba ne. Ni ban riƙe agogo ba, na koma gefe na bar wa abokin aikina, don kada a ce dangi ne ya danna. An auna shi, an sa shi gudu. Gudun yana nan yadda na ce, bai ƙaru ba bai ragu ba. Juyawar ta ɗan gyaru. Likitan wata ƙungiya ya kama ɗan yatsan ya lanƙwasa ta nan ya lanƙwasa ta can, ya rubuta abin da ya rubuta. Yana rufuwa yanzu, saura kaɗan.

Sai aka zo jifa. Ta farko ta daki yatsan ta faɗi. Ta biyu ma haka. Gwaggo, na ga mutum biyu sun rufe littafinsu, ɗaya har ya fara laluben makullin mota. Emil ya tsaya ya kalli hannunsa, ya yarfe shi, sannan ya ɗaga murya ya ce wa mai jifan, "Kai Duane, lallaɓa ni kake yi? Jefo da ƙarfi mana, ba kakarka ba ce!" Ashe yaron tausayinsa yake ji yana sassauta jifa, ƙwallon tana zuwa tana rawa.

Daga nan Duane ya dinga sako ta kamar da gayya, sama, ƙasa, baya, ta gefen ciwon. Ba wadda ta sake taɓa ƙasa. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai takun ƙafarsa. Mai makullin mota ya mayar da shi aljihu. Ɗan Texas yana nan, ya matso ya ce mini a kunne, "Woody, wai me yake shafawa ne? Tun daga nan nake jin warin."

Ga gaskiyar, a yaren da ba zai ruɗe ki ba. Yaron ya isa a gwada shi a wajen manya. Ƙungiyata ba na jin za ta ɗauke shi, muna da mutum biyu a wurinsa, kuma maigidana yana tsoron yatsan. Wasu biyu sun tsaya sun yi magana da shi sun karɓi lambar gidanki. Ba alkawari ba ne. Ranar zaɓe tana ƙarshen Afrilu, ƙungiyoyi suna ɗauka bi da bi, kuma idan za a kira shi, can wajen ƙarshe ne. Idan sun kira ba sa jira, domin akwai wani suna a ƙasan nasa. Ranar a samu mutum kusa da waya.

Ɗanki,
Elwood

*

Prokop
Mayu, 1987

Ɗana Elwood,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyali. Muna lafiya, ciyawa ta fito, gwiwa ta yi sauƙi da zuwan ɗumi. Na san ka riga ka ji labari a wajen aikinku, amma ba ka ji yadda aka yi a nan ba, kuma kai ne ya kamata ka ji.

Emil ya zo gida don ranar. Tun safe muka zauna a kicin muna kallon waya kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Mai aski ya bugo ya tambaya ko an kira, na kusa cinye shi. Har la'asar shiru. Yaron ya daina wasa, ya zauna yana juya cokali. Can sai Gus ya leƙo ya ce wata karsana, cikinta na fari, ta kasa haihuwa, ɗan ya zo da baya. Emil ya miƙe ya ce, "Kaka, ba za su kira ba. Bari in je in yi abin da na iya." Ya fita.

Bai daɗe da fita ba wayar ta yi ƙara. Wani mutum ne mai saurin magana, daga wata ƙungiya can gabas inda ban taɓa zuwa ba. Ya ce suna so su ɗauki Emil Kovanda yanzu, amma sai sun ji daga bakinsa cewa lafiyarsa lau kuma zai zo. Na ce yana wajen shanu. Ya ce, "Baba, ba ni da lokaci mai yawa." Na ce ya riƙe, na ajiye kan wayar a tebur.

Ban san gwiwar nan tana iya gudu ba sai ranar. Da na isa ƙofar rumfar na same shi a durƙushe, hannu cikin karsanar har kafaɗa, yana yi mata magana a hankali, Gus yana riƙe da wutsiya. Ya juyo da ɗan, ƙafafu sun fito. Na tsaya ina kallonsa a wurin da kakansa yake durƙusawa, wurin da ubansa ya durƙusa, kuma na san idan na yi shiru na ɗan lokaci kaɗan mutumin zai ajiye waya, ba kuma wanda zai taɓa sani. Ba zan yi maka ƙarya ba, Elwood, na ji daɗin ganinsa a wurin ƙwarai.

Na ce, "Emil, tashi. Ana kiranka."

Ya ɗago ya ce, "Kaka, saura kaɗan, bari in..."

Na ce, "Na fi shekara hamsin ina jan maraƙi, tun kafin ka san hannunka na dama. Tashi ka ba ni wuri, kada in saɓa maka!"

Ya tashi ya ruga, jini da majina har wuya. Kai da ka ce ba shi da gudu, da ka gan shi. Ni da Gus muka ƙarasa, mace ce, ja, tana numfashi. Ina goge ta da ciyawa na jiyo ihunsa daga cikin gida, har karnuka suka ɗauka.

Zai tafi sansaninsu a watan Yuli. Ya ce ba tabbas zai tsaya, wai ana sallamar da yawa kafin a fara wasa. Na ce ya je ya sa su ji kunyar sallamarsa. Ɗan Pospisil ƙarami zai zo ya taimake ni da kaka, sauran kuma Allah yana nan.

Da daddare ya tambaye ni ko mutumin ya daɗe yana jira a waya. Na ce masa a'a, ina ajiyewa na taho.

Gwaggonka,
Vlasta